Durƙusa wa Wada

Ranar Laraba, in na tashi daga aikin sito,
nakan bi titin Anlaby da ƙafa,
iskar tekun Hull tana yankan kunne,
in hau bene a saman shagon wanki
inda Moira ta jera kujerun roba
da butar shayi mai tari irin na tsofaffi.

Mu takwas ne. Akwai tsohon ɗan gidan waya,
da 'yar Poland mai ƙanshin burodin da ta kwana gasawa,
da ni, Iliyasu,
da na ci alli shekara sha tara a Ƙaura Namoda,
ni da in na yi gyaran murya a bakin ƙofa
ajin mutum saba'in yakan koma maƙabarta.

Na zauna ina cewa a raina:
wa zai koya wa kifi iyo?

Moira ba ta kai autar gidanmu ba.
Ba ta ɗauko littafi ba, cewa ta yi, "Ku durƙusa.
Daga nan yaro yake ganin duniya:
gwiwoyi, ƙasan tebur, da hannu mai saukowa."

Sai ta shiga jero abin da ban taɓa ji ba.
Kada ka sa wa yaro magana a baki.
Kada ka ce za ka rufe masa asiri,
don akwai asirin da rufe shi kisa ne.
Ka rubuta yadda ya faɗa, ko da a karkace.
Ka bar ƙofa a buɗe.
In ya yi shiru, ka ƙirga goma, kada ka cike masa.

Mun danna ƙirjin 'yartsana har gumi ya keto,
wannan bai ba ni wuya ba.
Shirun ne ya kayar da ni.
Ranar gwaji Moira ta zama yarinya,
ba ta kai ƙarshen kalma uku ba na hau nasiha.
Ta ce, "Malam, ka amsa tambayar
da ba a riga an yi maka ba."
Na koma gida ban ci tuwo ba.

Mako na tara aka sa ni rabon karin kumallo.
Wani yaro, Callum, ɗan shekara bakwai,
na ga yana cusa gasasshen burodi cikin safa.
Hannuna na dama ya tuna tsohon aikinsa.
Na ji yana neman tsumagiyar
da na baro bayan allo.

Na sa shi a aljihu. Na durƙusa.
Gwiwa ta yi ƙara, yaron ya zabura.
Ɗaya. Biyu. Uku.
A bakwai ya ce, idonsa kan takalmina,
"Na ƙanwata ne. Ba a kunna wuta a gidanmu ran Asabar."

Na gaya masa dole Moira ta ji.
Na rubuta yadda ya faɗa, ban gyara ko wasali ba.

Daren nan barci ya ƙi zuwa.
Tanimu na gani, ɗan aji huɗu,
wanda kullum yakan iso bayan ƙararrawa
da jiƙaƙƙen wando har gwiwa.
Bulala shida, kowace safiya, shekara guda.
Daga ina yake zuwa da wannan ruwa?
Ina da baki a lokacin. Ban tambaya ba.

Bana Moira ta miƙo mini makullin bene.
Sababbi shida ne, ni ke dafa shayin.
Akwai wani dogo a kujerar ƙarshe,
ya naɗe hannu a ƙirji, yana kallon agogo.
Na san zaman nan, na taɓa yin sa.
Na ture tebur gefe, na dafa bango,
don gwiwar ba ta yafe mini ba har yau,
na ce, "To, bismillah. Mu sauka ƙasa."