Uku ga Ut

A kundin awon gyaɗa na Baba Nomau,
wanda gara ta ci wa gefe,
akwai rana guda mai dawowa
kamar mai bin bashi da ya san ƙofar gida.

Shekarar sittin, uku ga Ut.
Da ajami ya rubuta, tawada ta ɗan malale:
"Yau an ce ƙasa ta zama tamu.
Haladu mai rediyo ya ce daga Yamai aka faɗa.
An yi kiɗa har asuba.
Gero ya yi ciki.
Akuyar Tsahara ta ɓata."

Na daɗe ina dariyar akuyar nan,
yadda ta kutsa kai cikin tarihi
da igiya a wuya.

Na juya shafi.
Bayan shekarun fari, ranar dai ita ce:
"Hukuma ta ce kowa ya dasa itace.
An ba ni bedi, tsawonsa bai kai muciya ba.
Na sa shi ƙofar gida, nan Bagalam.
Mu da ba mu ƙoshi ba, za mu shayar da wani."

Sai wata shekara, hannunsa na rawa:
"Gulbi ya kawo da dare.
Ya ɗauke garkar Barmo da rijiyarta,
ya bar mana kifi cikin kunyar rogo.
Cikin ruwan nan Tsahara ta sauka.
Namiji."
Ni ke nan. Kalma ɗaya aka ba ni,
akuya ma ta fi ni samun wuri.

A lakkwal mushe ya koya mana ranar
da alli fari, da lambobi huɗu,
muka haddace, muka rera, muka yi maci.
Bai ce mana rana buhu ba ce,
kowa da abin da ya zuba,
wani tuta, wani cibiya, wani likkafani.

Don akwai shafin da ba na so.
Babu labarin gero a cikinsa, babu farashi.
"Tsahara. Bayan la'asar."
Sauran takardar fari fat,
a waje kuwa ana ta busa algaita.

Daga nan rubutu ya ƙare.
Ya rayu shekara tara, bai sake buɗe kundin ba.

Yau ga ta kuma ta zo.
Yara sun wuce da 'yan itatuwa cikin leda,
hadari ya haɗo ta wajen Tibiri.
Ina zaune gindin bedin nan,
wanda yanzu mutum biyu ba sa rungume shi,
da biro, da kundin, da gurbin da ya bari.

Me zan ce ya faru?
Ba a ɗaga sabuwar tuta ba.
'Yata Barira ta cire haƙorin farko,
ta jefa shi bisa soro.

Na rubuta.