Yau Marini Ake Rinawa

Shekara arba'in Baba Ilu na tsoma zane a Ƙofar Mata,
hannunsa shuɗi ko a ranar Idi.
Bana ya kira ni da sunan ƙanensa
da ya rasu tun ina goye.

Sai muka nufi asibitin Titin Zariya.

Na'urar farko zobe ce mai gaggawa,
kafin in zagaye carbi sau biyu an fito da shi.
Likita Tasalla ta ɗaga hoton ga fitila:
ƙashi fari fat, ba jini a kwance, ba ƙari.
Ta ce wannan kallon Kano ne daga kan Dala,
ka ga badala, ka ga manyan tituna,
lungu kuwa sai ka sauko.

Ta biyu rami ce a kwance, gidan maganaɗisu.
Aka karɓe zobensa
da makullin da ya manta na wace ƙofa ne,
aka zuba masa ruwa a jijiya don hoto ya fito.
Ya dubi allurar, ya ce, "Yau marini ake rinawa."
Minti arba'in ƙarfe na bugu, dam, dam, daram.
Wasu kan firgita. Shi barci ya yi,
ya ɗauka mabuga ne ke dukan shadda kan gungume.

Wannan ta shiga lungu-lungu.
Ga ƙwaƙwalwa a nannaɗe
kamar zanen da aka ƙulle kafin a tsoma,
ga inda nama ya janye,
kududdufi ya faɗaɗa a tsakiya
kamar bayan ruwan Agusta.

Ta uku ba ta ɗaukar hoto.
Wayoyi ne a ka kamar kitso,
tana saurare, tana zana layi mai karkarwa,
kamar wanda ya tsaya bayan Kurmi
yana jin hayaniya, bai san wa ke ciniki ba.

Akwai ta huɗu mai bin sawun sukari.
Kuɗinta ya fi ƙarfin aljihunmu.

Na tambayi likita wacce ta fi.
Ta ce, "Sagiru, wa ya fi sanin gari,
mai hawan dutse ko ɗan dako?"

Takardu uku a leda, muka hau adaidaita.
Ba wadda ta nuna inda sunana ya faɗi.
Amma da muka zo Ƙofar Mata
ya buɗe hanci, ya shaƙi warin toka da baba,
ya nuna da yatsa:
"Wancan ramin bai nuna ba.
A ba shi kwana biyu."