Famfon Kamfanin Sabulu

A Khulna, da ambaliya ta janye,
kamfanin sabulu ya zo makarantarmu
da famfo shuɗi mai tambari a wuya,
da wani Rakib, kyamara a kafaɗa.

"Ku wanke hannu, ku yi murmushi!"
Sau uku yara suka wanke,
don hoton farko bai yi kyau ba.

Ni Shiuli, mai sharar aji,
na san ruwa ba ya tsami banza;
kyautar ɗan kasuwa da lissafi take tafe.

Amma bana gudawa ba ta ɗauke ɗan kowa ba.
Allon talla ya koɗe,
rabin sunan kamfanin ya goge.
Rakib bai dawo ba.
Famfon dai na kawo ruwa,
ni ke ɗaure masa tsumma in ya fara yoyo.