Ƙudan da ke Cikin Akwati

Shekara talatin da ɗaya kakana Eleuterio ya yi
yana jan taragon da ke hawa tudun Valparaíso da igiyar ƙarfe.
In igiyar ta yi tari, shi ne farkon ji.

Shi ya sa da na juye kaset ɗin ƙanensa a kwamfuta,
Abelardo da akodiyonsa, wani dare tun ba a haife ni ba,
ko minti ɗaya bai cika ba ya zare abin kunne.
"Akwai ƙuda a ciki."
Na ce kaset ne ya tsufa.
Ya ce, "Motsa linzamin nan."
Na motsa, ƙuda ya tashi.
Na saki, ƙuda ya sauka.
Ashe namu ne, ba na Abelardo ba.

Maƙogwaron da kwamfutar ta zo da shi daga masana'anta
ɗan gidan haya ne:
fanka na huci a kansa, wuta na gilmawa ta ƙofarsa,
duk gulmar akwatin a kunnensa take sauka,
shi kuwa bakinsa ba ya riƙe magana.

Ran Asabar muka gangara gari,
matakala ɗari da sha biyu, gwiwarsa na ƙirgawa da ƙara.
Shagon Ximena na bayan 'yan kifi,
ƙarnin teku ya shige har cikin kwalaye.
Ta jera mana uku a kan gilashi.

Na fari ja ne, da fitilu sai ka ce motar biki,
na samarin da ke harbin dodanni har asuba.
Wai da shi kana jin takun maƙiyi ta bayan ƙeya.
Kaka ya ce nasa maƙiyan duk sun mutu,
kuma ta gaba suke zuwa.

Na biyu ba kati ba ne ma, ɗan akwati ne
mai zama a waje, nesa da hayaniyar gidan.
Kuɗinsa fanshon wata ɗaya da rabi.
Ya shafa shi da yatsa, ya janye
kamar wanda ya taɓa murfin tukunya.

Na uku na hannu ne, kore, da sulken ƙarfe a gadon baya,
wani ma'aikacin rediyo ya bari da zai koma Temuco.
Ximena ta fara zuba lambobi, kaza bisa kaza.
Kaka ya ɗaga hannu.
"Ba lissafi na zo saya ba, 'yata.
Haɗa shi, kada ki kunna komai."

Ya sa abin kunne, ya rufe ido.
Mai kifi ya wuce da baro.
Wani kare ya leƙo, ya koma.
Har na fara jin kunya.
Can ya ce, "Wannan ya iya shiru. Naɗe mana."
Ya kuma sa ta rage feso dubu biyu, don al'ada.

A gida na buɗe cikin kwamfutar da sukuddireba,
ƙurar shekara shida ta tarbe ni da atishawa.
Katin ya ƙi zama, na danna, ya ce ƙas.
Sai da la'asar ta yi sannan injin ya yarda ya san baƙonsa.

Na motsa linzami. Babu ƙuda.
Akodiyon ya ja numfashi,
har da ƙarar maɓallin da ke maƙalewa,
har da cokali a bakin kofi.
Can ƙasa, ƙarƙashin kiɗan, daga wajen taga,
ƙararrawa: biyu a jere, ɗaya a makare.

Kaka ya kama hannuna.
Daren nan ne Abelardo ya yi kiɗansa na ƙarshe,
shi kuma yana bakin aiki, bai samu zuwa ba.
Shekara arba'in yana faɗin haka a kan tebur,
kullum da murya ɗaya.

"Babu mai buga ta haka sai ni," ya ce.
"Mayar baya kaɗan.
A'a, ba waƙar ba. Kafin nan."