Minti Goma Sha Ɗaya

A saman shagon mai taki, a Jahun,
ɗaki ɗaya, fanka ɗaya mai ciwon wuya,
mu bakwai, kowa da waya manne a kunne,
muna rabon haƙuri ga mutanen da ba mu taɓa gani ba.

"Salamu alaikum, kamfanin fitilar sola ne, Barira ke magana."
Sau ɗari nake faɗin haka kafin la'asar,
har sunana ya fara yi mini baƙo a baki.

Oga Nafi'u ya kafa allo a bango,
sunayenmu a jere, lamba a gaban kowa.
Na ƙasa shi ake ja wa jan layi.
Minti uku, in ji shi, ya ishi kowace matsala.
To, dattijon Harbo fa?
Minti uku ko gaisuwa bai gama ba:
ya iyali, ya gajiya, ya muka ji da ruwan bana?
Muka koyi datse tsoho a tsakiyar addu'a,
abin da ko a mafarki ba ma yi a gidajenmu.

Mudi, da ya koya mini aikin nan,
ya daina amsa tambayata
tun ranar da lambata ta kusa tasa.
In azahar ta yi, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya,
ya buɗe ledar ɗanwakensa a ɓoye
kamar abin sata.

Sai wata Laraba, gab da magariba, hadari ya haɗo,
wata murya ta shigo layina tana haki.
Ungozoma ce, daga wani ƙauye bayan fadama.
Mace na kan gwiwa, fitila ta kulle kanta,
bashin naira ɗari uku.
Na ce ba ni da iko. Haka takarda ta ce in ce.
Ta ce, "'Yar nan, to wa ke da shi?"

Agogo ya wuce uku. Ya wuce bakwai.
Ban kashe ba, ban kuma san me zan faɗa ba.

Tasalla ce ta fara cire wayar kunnenta.
Ta kwance bakin mayafi, ɗari biyu, kuɗin motarta.
Mudi bai dube ni ba.
Ya dai ajiye ɗari a kan teburina,
ya jawo kujera, ya danna abin da ya daɗe yana ɓoye mini,
yana karanto lambobi ina maimaitawa.

"Ta kama!" in ji tsohuwar.
Sai katinta ya ƙare.
Har yau ba mu sani ba, mace aka samu ko namiji.

Minti goma sha ɗaya.
Da safe na tarar da jan layi ƙarƙashin sunana.
Iliya, wanda bai cika magana ba,
ya jiƙa tsumma, ya share allon tas,
ya haɗa lissafinmu duka, ya rubuta lamba ɗaya,
a gefenta ya sa: mu.

Oga ya daɗe tsaye yana kallo.
Ya yanke mana ɗari biyar-biyar a ƙarshen wata.
Amma bai sake rubuta sunayen ba.

Albashi bai ƙaru ba, kada in yi muku ƙarya.
Fanka na nan da ciwonta,
masu zagi ba su daina kira ba.
Sai dai yanzu in wani ya zage ni har idona ya kawo ruwa,
Tasalla kan taɓa kafaɗata ta ce, miƙo shi nan,
je ki sha iska a baranda.
Ɗanwake kuma a faranti ɗaya,
Mudi na cinye ƙwan, muna yi masa tsiya.

Jiya Inna ta tambaye ni,
"Wai aikin me kuke yi a saman benen nan,
tun da duku-duku kike rawar jikin fita?"
Na ce, gayya ce, Inna,
irin wadda Baba ke kira ranar noman gero,
sai dai mu da baki muke huɗa.
Ta yi dariya, ta ce in taho mata da gishiri.