Teku a Kan Dutse

Ƙarfe biyun dare. Sanyin Jos na shigowa ta ƙasan ƙofa,
ga ni durƙushe a gindin wurin wanke-wanke,
tocila a baki, gwiwa a kan siminti,
ina sauraron ɗigo.

Ɗis.
In ƙirga goma sha ɗaya.
Ɗis.

A da bokiti kan cika tsakanin azahar da magariba,
yau tun la'asar ko moɗa bai kai ba.

Akwai teku a falona, kamu uku tsawonsa,
cikin gilashi, kan teburin da Jafaru ya ƙera.
Mu da ko Binuwai sai mun ci rabin yini a mota,
shi ya ɗauko teku ya aza a kan dutse.
Ya ce gishiri ba wuya, a buhu ake saye,
ruwan ne abin tsoro.
Ya bar mini kifi huɗu da wannan magana.

Na tsoma ma'auni a kofi: bakwai.
Sifili ake nema.
Bakwai ɗin me? Ido bai gani ba, harshe bai ji ba.
In na miƙa wa baƙo zai sha ya sa albarka,
amma murjani ba ya kara,
tun shekaranjiya ya tsuke baki,
gansakuka kuma ta fara hawa gilashi
kamar ta ji an ce gidan ba kowa.

Na kwance tulun fari.
Audugar da na sa fara ƙal watan jiya
ta yi ja wur.
Ƙasar Rayfield ce, ta tsoffin ramukan kuza,
ta biyo burtsatse ta same ni har kicin.
Na sauya. Ɗis.
Na biyu, na gawayi, na girgiza, na sansana,
ban kama shi da laifi ba.
Na ƙarshe, mai ƙwayoyi kamar acca,
shuɗi ne ranar da yake da ƙarfi,
yanzu ya koma ruwan shayi tun daga gindi.
Ya sha iya shansa.

Shekara goma sha tara ina ɗakin wankin ƙoda,
na san yadda mataci ke gajiya ba ya faɗa,
na san fuskar mutum in abin da ya kamata ya fita
ya zauna.
Ban zaci zan taso daga aiki
in tarar da majinyaci a ƙarƙashin famfo ba.

Gyang mai gyara ya ce da ni a waya,
"Sista, sanyi ne. Ruwa ma kan ƙi fita daga bargo."
Na yarda, amma sanyi bai isa
ya kwantar da allura a talatin ba,
ita da ta saba tsayawa a sittin.

Sai ga Nusaiba, lulluɓe, ido ɗaya a buɗe,
ta zo shan ruwa ta tarar da uwa a ƙasa.
Ba ta ce komai ba. Ta bi siririn tiyo da yatsa
kamar mai bin layi a littafi,
har bayan tukunyar gas.
Nan ya lanƙwashe, ya shaƙe.
Ni na tura tukunyar ran Juma'a ina goge-goge.

Kwana huɗu ina zargin ƙasa, ina zargin sanyi.

Ta miƙar da shi. Allura ta yi miƙa, ta hau.
Ɗis, ɗis, ɗis-ɗis,
ɗigo ya zama zare.
Na zuba sabbin ƙwayoyi, na zubar da kofin fari,
na zauna a kan turmi ina jira.

An kira assalatu na sake tsoma ma'auni.
Sifili.
Babu komai a ciki.
Tun ranar da aka fita da shi ta ƙofar nan
ban ji "babu" ta yi mini daɗi ba sai yau.

Ƙaramin mai ruwan lemo ya leƙo daga bayan dutse.
Na auna gishiri, na dama.
Ƙarfe bakwai ina da mutum shida a kan gado.