Cutar Biyu Ce

Tun daga Farin Gada take yi,
shuuu, kamar an saka ƙosai a mai.
Mai karanta labarai na can ƙarƙashi,
kamar wanda ya faɗa rijiya yana kira.
Na tsinci "taki", na tsinci "manoma",
saura duk ruwa ya ci.

Na taka totur, wani kuka ya hau,
siriri, sauro a kunnen mai zazzaɓi.
Na ɗaga ƙafa, ya sauka.
Na mari gaban motar sau biyu, yadda Baba ke yi.
Shi tana jin marinsa.
Ni ko kallo ban ishe ta ba.

Wata mai buhun kabeji a baya ta ce,
"Direba, ko ka kashe ta, ko ka sauke ni."
Na kashe.
Har Taminus kunnena bai daina soyuwa ba.

Bayan la'asar na gangara Dilimi.
Dalyop mai wayarin na zaune kan mataccen batir,
sukundireba a bayan kunne,
yana cin masara da baƙin hannu.
Bai buɗe komai ba. Ya ce, "Kunna."
Ya karkata kai kamar mai sauraron ƙirjin yaro.
Ya ce, "Kashe inji, bar rediyon."
Sauron ya mutu nan take.
Ƙosan kuwa yana nan.

Ya ce, "Cutar biyu ce, Sallau.
Ɗaya a cikin gida take,
ɗaya daga sama take sauka."

Ya fara da cikin gida.
Ya zare cajar wayata, 'yar arha ta bakin titi,
ya jefa mini a cinya, ko uffan.
Ya taɓa wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya,
ya leƙa bayan altaneta, ya ɗaura ɗan kwandansa
bai fi ƙwayar dabino ba.
Sannan ya bi wata baƙar waya da yatsa,
ya bi ta, ya bi ta,
har inda ta kama jikin mota.
Tsatsa ta yi mata gida a nan, ja wur.
Ya goge da sanfefa sai da ƙarfe ya yi dariya.
Ya ce, "Wayar da ba ta riƙe ƙasa ba,
duk abin da ya wuce sai ta ɗauka."

Na tayar da inji. Babu sauro.

Sai ta sama.
Ashe eriyar ma ba eriya ba ce:
wayar shanya ce Baba ya lanƙwasa,
ya naɗe gindinta da robar tayar keke,
ƙulli uku, irin nasa,
irin wanda yake yi wa bakin buhu.
Ruwan damina nawa ya shiga ta nan?
Dalyop ya ɗaga filaya, ya dube ni.
Na dubi kwata. Na ce, "Yanke."

Sabuwar ta hau, tana ƙyalli.
Murya ta fito fes,
har ina jin mai labarai yana haɗiye yawu,
har ina jin juyin takarda.
Na biya. Tsohuwar wayar na naɗe,
na sa ƙarƙashin kujera, kusa da jak.

Hanyar gida hadari ya haɗo daga Shere,
ƙanƙara ta fara ƙwanƙwasa rufi.
Motar ta yi mini faɗi.
Tsakanin kalma da kalma wani shiru ne
wanda ban saba da shi ba.

Daidai gindin Dogon Dutse,
inda dutsen ke tare tasha,
shuuu ta dawo, kaɗan, daga nesa.
Hannuna ya tashi zai yi mari,
ya tsaya.
Na rage gudu.